Yadda ake ciniki, daga tayi har zuwa sallama

Ɗiyar ƙanwata, wadda ke aji 2 a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta biyo ta rumfata wata Asabar da hantsi, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini wayarta. Wani shagon intanet ne ya sa hoton takalmi, ya rubuta kalmar Turancin nan bargain a kansa da jan rubutu. Ta ce, "Kawu, a makaranta an ce mana ma'anar kalmar nan ciniki. To in ciniki ne, ina wurin da zan taya? Kuɗi ɗaya suka rubuta, ko ka biya ko ka bari."

Na jawo mata benci. Shekarata 31 ina sayar da yadi a Babbar Kasuwar Sakkwato, ina hulɗa da Ibo da Yarbawa da mutanen Nijar, saboda haka kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Bature ya ɗora mata kaya uku. Yana faɗinta in mutum biyu suna ja a kan farashi. Yana faɗinta ga yarjejeniyar da suka tsaya a kanta bayan jan. Yana kuma faɗinta ga abin da aka saya ƙasa da kuɗinsa. Mai takalmi na ukun yake nufi, wato ga araha ta samu. Mu kuwa Hausa ba ta zuba su a tukunya ɗaya ba. Na farko tayi ne, na biyu sallama, na uku araha, ciniki kuma shi ne babbar rigar da ta rufe su duka. Wanda bai bambanta su ba, in ya shiga kasuwa ko dai ya fito an cuce shi, ko ya ɓata wa mutane rai bai ma sani ba.

Abin da na gaya mata ranar, da abin da na riƙa tunawa bayan ta tafi, shi na ga ya kamata in rubuta. Yaranmu da yawa sun tashi da sayayya ta waya, bakinsu bai koyi kasuwa ba, kuma abin yana damuna.

Tun daga gida ake fara ciniki. Kafin ka sa takalmi, ka san abu biyu: nawa kayan suke yau, kuma nawa ne iyakar abin da za ka iya bayarwa. Na ce yau, ban ce bara ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ɗauko dila daga Kantin Kwari a Kano zuwa nan ya canza, komai ya bi shi. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, mai neman rago a Illela, garin da ke bakin iyakar, ya ji a jikinsa. Wanda ya zo da farashin da ya sani shekara biyu baya yana ce wa mai kaya maƙaryaci, kansa ya kunyata. In ba ka da wanda za ka tambaya a unguwa, shiga kasuwar ka zaga rumfa uku ko huɗu kana cewa "Nawa ne?" ka ji, ka yi godiya, ka wuce. Tambaya kyauta ce, ba wanda zai riƙe ka a kanta.

Amma ka lura da inda tambaya ta ƙare. Da zarar ka buɗe baki ka ce "Zan ba ka kaza," ka bar tambaya, ka shiga tayi. Tayi kuwa alkawari ne. Ma'anarsa, in mai kaya ya ce ya yarda, kuɗin nan za ka zaro ka ba shi. Nan ne yaran yanzu suka fi yin kuskure. Yaro zai tsaya gaban rumfata ya taya shadda, in duba in ga da ɗan abin da zan samu, in ce masa kawo, sai ya yi dariya ya ce dama gwadawa yake yi, ko ya ce bari ya je ya dawo. A idonsa wasa ne. A idon kasuwa ya nuna bakinsa ba shi da nauyi, kuma maƙwabtana duk sun ji. Kada ka taya abin da ba ka shirya saye ba, kada ka ambaci kuɗin da ba ka da su.

Gaisuwa ba sai na tsawaita ba. Ka yi sallama, ka tambayi kasuwa, in dattijo ne ka ce Baba ko Alhaji, in tsohuwa ce ka ce Inna. Wanda ya zo ya ɗaga kaya da yatsa biyu ya ce "wannan fa?" ya riga ya sa wa kansa tsada.

Waye ke fara ambaton kuɗi? Ya danganta da inda kake. A wurinmu masu yadi, da masu takalma, da masu kwanuka, mai kaya ke sa suna, kai kuma ka nemi ragi. A Kara, inda ake sayar da dabbobi, sau da yawa ba za a sa maka suna ba, cewa za a yi ka taya. Dalili shi ne rago ba shi da rasit daga kamfani. Kowane rago da ƙirarsa da kiwonsa, kuɗinsa kuma shi ne abin da idon masu saye ya ba shi a ranar. Nan ne zagayen da ka yi da farko zai amfane ka, domin wanda bai san kasuwa ba in aka ce ya taya, ko ya yi sama da yawa a sallama masa nan take ya tafi yana cizon yatsa, ko ya yi ƙasa har a ɗauke kai daga gare shi.

Na sha jin ana koya wa baƙi cewa duk abin da aka faɗa maka ka raba biyu. Wannan ba ka'ida ba ce, kuma ita ke jawo faɗa. Kayan da ke da suna, kowa ya san sarinsu, ribarsu siririya ce. In na ce maka shaddar Getzner kaza, abin da zan iya rage maka da wuya ya wuce ɗaya bisa goma, domin maƙwabcina ma ita yake sayarwa, in na yi ƙari da yawa wurinsa za ka koma. Haka turmin atamfa mai yadi 6 da aka san kamfaninsa. Amma kayan gwanjo, da kayan fata irin jakunkuna da filalla da baƙi ke saye su tafi da su tsaraba, da dabba, a nan fili yana da faɗi, kana iya farawa nesa. Abin lura dai, tayinka na farko ya zama ƙasa da inda kake son tsayawa, don ka bar wa kanka wurin hawa, amma kada ya zama na wulaƙanci. Mutum ya yi wata takwas yana yanko wa rago harawa, yana jiƙa masa dusa, ka zo ka taya shi kuɗin ɗan akuya, ba ciniki ka buɗe ba, zagi ka yi. A gefe guda kuma kada kunya ta rufe maka baki. Hausawa sun ce rashin tayi akan bar araha, kuma na gani da idona: mutum ya ga kaya sun yi masa kyau, ya yanke wa kansa cewa sun fi ƙarfinsa ya wuce, alhali mai su kwana uku yana neman wanda zai taya.

In ka taya bai yi ba, za ka ji an ce "Albarka." Ban san wata kalma a kasuwa da ta kai wannan kyau ba. Mai kaya ya ƙi tayinka, amma bai ce maka a'a ba, bai ce kuɗinka sun yi kaɗan ba, fatan alheri ya yi. Ƙofa a buɗe take. Sai dai ka koyi sauraron yadda aka faɗe ta, domin albarka iri-iri ce. Akwai wadda ake faɗa da sauri, ido na kallon wani wuri, hannu na ninke kayan: kana nesa ƙwarai. Akwai wadda ake ja, a biyo ta da "ƙara dai, Alhaji": ka kama hanya. Akwai kuma wadda shiru ke gabata, mai kaya ya dubi kayan, ya dube ka, leɓensa na motsi yana lissafi, sannan ya ce albarka a hankali. Wannan saura ƙiris, ƙari kaɗan zai gama magana.

Bari in nuna yadda na fara ganin abin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin tumaki ne a Kara, ina ɗan shekara 12 nake riƙe masa igiya in an yi hutun makaranta. Wata shekara, saura kwana biyar Babbar Sallah, wani dattijo daga wajen Gwadabawa ya kawo masa wani rago Uda, gabansa ja, bayansa fari, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Dattijon ya koma gindin wata rumfar zana ya zauna yana jan carbi. Can sai ga wani Alhaji da yaronsa. Ya zaga ragon, ya danna gadon bayansa da tafin hannu, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora.

"Malam, wanga rago nawa na?"

"Alhaji, taya mu ji."

"Jikka guda da rabi." Wato naira 300 ke nan.

"Albarka." Baba ko ɗaga kai bai yi ba, yana gyara ƙullin igiya.

"To na ƙara hamsin."

"Albarka, Alhaji. Dubi ƙirjinai. Wanga ba kiwon daji na ba, kiwon gida na."

Suka yi ta hawa da kaɗan-kaɗan har jikka biyu da ashirin. Sai Baba ya ce a dakata. Ya taka zuwa wurin dattijon, ya durƙusa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga dattijon ya girgiza kai, ya ɗaga yatsu uku. Baba ya dawo ya ce, "Mai shi ya ce ka ƙara talatin." Alhaji ya yi jim, ya ce ya cika. Baba ya kama hannunsa ya ce, "Na sallama ma. Allah shi sa albarka." Ya karɓi igiyar daga hannuna ya danƙa wa yaron.

Ana cikin ƙirga kuɗi sai ga wani mutum da ya daɗe yana kallo daga gefe, ya matso ya ce shi zai ba da jikka biyu da rabi. Naira hamsin a kai, a zamanin da naira hamsin kuɗi ce. Zuciyata ta buga, na dubi Baba. Abin da ya ce kawai, "An sallama, Malam. Ga wasu can." Da daddare na tambaye shi, ya ce igiya ta riga ta bar hannunmu, ko da ba ta bari ba, baki ya riga ya furta.

Abubuwa da yawa suna cikin wannan ɗan labari. Ka ga dillali ba ya sallamawa sai ya koma ga mai dabba, saboda haka in dillali ya ce maka bari ya ji ta bakin mai shi, ba yaudara ba ce, aikinsa ke nan. Ka ga kuma yadda ake ƙirga. Jaka, ko jikka a bakinmu, naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne, kuma da aka shigo da naira a 1973 fam ɗaya ya zama naira 2. Har yau akwai dattawan da ke lissafi da ita. Amma in ka je Illela ranar Lahadi, inda mutanen Ƙonni ta Nijar ke shigowa, ka buɗe kunne: a wajensu jikka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. A Kara ta yau kuwa, in ka ji an ce rago ɗari biyu da hamsin, naira 250,000 ake nufi. Kafin ka ce ka yarda, maimaita kuɗin a fili da cikakken sunansu, naira kaza, kowa ya ji.

Sai ita kanta sallamar. "Na sallama" ita ce ƙarshen magana, haka "kawo kuɗi." Malamanmu na zaure suna karantar da cewa a mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da furuci, in mai kaya ya ce ya sayar, mai saye ya ce ya saya, shi ke nan, ba sai an rabu da wurin ba. Kasuwarmu a kan wannan ta ginu tun kakanni. Bayan sallama babu neman wani ragi, babu "bari in duba can tukuna." Shi ma mai kaya ba shi da ikon janyewa don wani ya ƙara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Saboda haka in ka iske ana cinikin abin da kake so, ja gefe ka yi shiru har sai sun rabu ba su daidaita ba. Ya kuma hana ƙarin ƙarya, wato a sa wani ya riƙa taya kaya da tsada ba don zai saya ba, sai don ya zuga mai saye na gaskiya. Wannan ana yinsa a kasuwar dabbobi gab da Sallah, ban ɓoye ba. Alamarsa, mutum ya ɓullo daga babu, bai taɓa ragon ba, bai dubi haƙoransa ba, amma yana ta ƙara kuɗi da murya sama. In ka ga haka, tsaya a kan iyakar da ka yanke tun daga gida.

Nauyin nan na baki ba adon magana ba ne. Lokacin da gobara ta ci wani babban sashe na kasuwarmu a Janairun 2021, na ga mutanen da ba su fita da ko tsinke ba, littafin bashi ma ya ƙone. Waɗanda suka fara miƙewa su ne waɗanda masu sari suka san tayinsu da sallamarsu ba sa tashi. An ba su kaya a kan magana kawai.

Akwai dabarar tafiya, kowa ya santa, amma kaɗan ke yinta daidai. In ka kai iyakarka an ce albarka, ka ce "To Allah ya ba da kasuwa," ka juya ka tafi a hankali, ba da fushi ba. In akwai sauran riba a kuɗin da ka faɗa, kafin ka yi taku goma za a kira ka. In an kira ka an ce kawo, to wajibi ne ka saya, kuma a kan kuɗin da ka faɗa na ƙarshe, ba ƙasa ba. In ba a kira ka ba, ka samu ilimi: kuɗinka ba su kai ba da gaske. Ba abin kunya ba ne ka zaga ka dawo ka cika. Sau ɗaya dai ake yinta a ciniki ɗaya.

Har manya haka suke yi. Na ce wa ɗiyar tawa ta tuna cinikin mafi ƙarancin albashi na 2024. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka sa suna naira 615,000. Gwamnati ta taya 48,000. Aka ce albarka. 'Yan ƙwadago suka sauko 494,000, gwamnati ta hau 60,000, a farkon Yuni suka juya suka tafi, wato yajin aiki, aka kira su. Suka sauko 250,000, gwamnati ta ce 62,000, a Yuli aka sallama a kan 70,000. Ita ma wannan jayayyar, da waccan kalma ta Turanci ake kiranta a jaridu.

'Yan abubuwan da ke biyo bayan sallama, a warware su tun kafin ta. La'adar dillali, ka tambaya nawa ce kuma a wuyan wa take. In ba ka da cikon kuɗi a hannu, ka ba da kafin alƙalami a gaban shaida, a faɗi ranar cikawa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa yana karɓar tiransifa, amma ka tambaya tun farko, kuma a san wa zai biya kuɗin cirewa a wurin mai POS, don na ga ciniki mai kyau ya lalace a kan naira 200. Kai mai kaya kuma, kada ka saki kaya don an nuna maka hoton rasit a waya, duba asusunka ka ga sun shiga. Gyara kuwa ana nemanta ne a kayan awo da na kashi, hatsi, tumatir, albasa, tattasai. A Kasuwar Daji sau da yawa ba a taɓa kuɗin kashin tumatir, gyarar ce cinikin. Amma roƙo ce, ba haƙƙi ba, a nema da fara'a.

Ga 'yan'uwana masu kaya ina da magana ɗaya mai zafi: mu rage rantsuwa. "Wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba" ta zama kamar gaisuwa a bakin wasunmu, alhali hadisi ya ce rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka. Muna da kalmar albarka, ta ishe mu ƙin tayi.

Yanzu araha, wadda mai takalmi ke talla. Araha ta gaskiya tana nan, kuma tana da lokutanta. Da yamma in kasuwa ta kusa watsewa, mai kayan gwari ya fi son ya sallama da ya kwana da su. Lokacin kakar albasa, in ta sauko daga Goronyo da Wurno da Gada, buhu yana faɗuwa. Atamfar da yayinta ya wuce ta yi kwantai, lafiyarta lau, ni kaina ina sallamar da ita kusa da sari don in juya kuɗin. Duk waɗannan araha ce mai dalili, kana iya ganin dalilin da idonka. Wadda nake jin tsoro ita ce araha marar dalili.

Na taɓa faɗa mata, kuma har yau ina jin ciwonta. Saura kwana biyu Sallah, na tashi daga kasuwa gab da magariba, sai na ga wani mutum a bakin titi riƙe da wani babban rago, cikinsa fam. Ya ce sauri yake yi zai bi mota. Na taya ƙasa ƙwarai, bai ko ce albarka ba, ya ce kawo. Saurin sallamar nan shi ya kamata ya tsayar da ni. Ga duhu, ga ba dillali, ga ban san shi ba. Da gari ya waye na iske cikin ya saɓe, bayansa duk zawo, hancinsa na zubar da majina, ko kallon dusa ba ya yi. An ɗura masa ruwa da gishiri ne don ya cika ido. Dabba mai ciwo bayyananne ba ta layya, kamar yadda mai ido ɗaya, da gurguwa, da ramammiya ba sa yi. Dole na koma Kara ranar jajibere na sayi wani da tsada, yara na ta tambayata me ya sami na farkon. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saboda haka ka duba kaya kafin ka taya, kuma da rana. In rago ne, sa a ja shi ya yi tafiya ka ga ƙafafunsa, dubi idonsa da hancinsa da ƙarƙashin jelarsa, danna gadon baya da ƙirji ka ji nama, kada girman ciki ya ruɗe ka. Buɗe bakinsa: in manyan haƙora biyu sun fito a gaba ta ƙasa, ya haura shekara. In yadi ne, fito da shi daga rumfa zuwa hasken rana, don fitila tana ƙara wa launi kyau, ka warware shi duka, ka sa a auna a gabanka. In hatsi ne, tura hannu har ƙasan buhu. Aibin da ka gani kafin tayi shi ne hujjarka ta neman ragi, ka faɗe shi a hankali ba tare da kushe kayan mutum ba. Wanda ka gani bayan ka kai gida kuwa, sai dai rigima. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wannan ne ya sa cinikin waya ke ba ni tsoro. Hoton atamfa a WhatsApp ko Facebook ba ka taɓa ta ba, ba ka ga ko tana zuba ba, cinikin biri a sama ne. In ya zama dole, ka sayi kaɗan tukuna, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya je ya gani, kuma a rubuta tun farko cewa in kaya suka zo ba kamar hoto ba za a mayar. Ja da aka yi tsohon farashi aka soke shi da layi, aka rubuta sabo a ƙasa, ba shaida ba ce cewa an taɓa sayar da kayan a tsohon.

Akwai kuma inda ba a ciniki. Gidan mai, kantin magani, burodi, katin waya, waɗannan an yanke. Kabu-kabu da keke Napep ana ciniki, amma kafin a hau, ba bayan an sauka ba. Sai wani wuri da ba doka ce ta hana ba, zuciya ce ya kamata ta hana. Ina ganin mutum ya shiga babban kanti mai na'urar sanyi, ya biya duk abin da aka manna bai ce uffan ba, ya fito ya tsaya kan tsohuwa mai zogale ko ƙuli-ƙuli, ko Bafillatana da ta tako tun asuba da ƙwaryar nono a ka, yana ja da ita a kan naira 50, yana kuma neman gyara. Duk jarinta bai kai kuɗin man da ya sha zuwa wurin ba. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai. Annabi ya roƙa wa mutum rahama, wanda ke da sauƙi in ya sayar, in ya saya, in kuma ya nemi bashinsa. Ƙarfin bakinka ka kai shi wurin irinmu masu rumfa, mun san yadda za mu kare kanmu.

Sati biyu bayan wannan hira ɗiyar tawa ta dawo, mahaifiyarta ta aiko ta sayen atamfa ta biki. Irin da take so babu a wurina, na nuna mata rumfar wani dattijo a layinmu, na ce ta je ita kaɗai. Ina jiyo su daga inda nake. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ta sa ya fito da turmin waje ta ɗaga shi a rana. Ya sa suna, ta taya, ya ce albarka da sauri. Ta ƙara. Ya ce, "Ƙara dai, ɗiyata." Ta ƙara kaɗan. Sai na ji shiru. Na leƙa, na ga leɓen dattijon na motsi, ita kuma ta tsaya ba ta ce komai ba, hannunta a kan jaka.

"Baba, ka sallama?"

"Kawo kuɗɗi. Allah shi amfana."

Ta ƙirga a gabansa, ta karɓi ledarta. Da ta dawo rumfata ta ce in Babbar Sallah ta matso tana son ganin na Kara. Na ce ta zo da ƙanenta, mu fita bayan sallar asuba, kafin a shayar da tumakin.